Rauta tana falo, ɗakin karatu yana bayan gida: yaya za a kai masa intanet?

Tambayar ta wani malami ce da ke zaune a Sawaba, nan Kumasi. Ga yadda ya kawo ta: "Na gina ɗaki a bayan gida, a nan nake karantar da 'ya'yan 'yan'uwanmu da ke Amurka da Jamus Alƙur'ani ta Zoom. Intanet ɗin gidan na faiba ne, rautar tana falo, tsakaninta da ɗakin taku talatin ne ko kusa da haka. A falo lafiya lau, amma a ɗakin murya sai ta riƙa tsinkewa, hoto ya tsaya cak. Yarona ya sayo ekstenda a Adum, sandunan waya sun cika, amma jiya i yau. In sayi rauta mai ƙarfi ne, ko in sa kamfani su ja mini layi na biyu?"

Allah gafarta Malam, duka biyun a jingine su tukuna. Abin da ɗakin nan yake so waya ce guda ɗaya. A ja ta daga bayan rautar falo, wato akwatin da yake raba intanet a gida, ta bi ƙarƙashin ƙasa cikin fayif ta ɓullo a ɗakin, sannan a maƙala mata 'yar na'urar da za ta watsa Wi-Fi a can ciki. Shekarun da na yi ina wannan aiki tsakanin Aboabo da Asawase da Tafo, ekstendar da na zare daga soket, 'yan na'urorin nan masu ƙara wa Wi-Fi nisa, ba su ƙirguwa, amma gidan da na ja wa waya da kyau ba a cika sake kirana kan tsinkewar murya ba. Wace irin waya, ta jan ƙarfe ko ta faiba mai zaren gilashi, wannan tsawar Kumasi ce za ta yanke mana hukunci, kuma zan zo kanta.

Kafin a kashe ko sidi ɗaya, a fara gano inda ciwon yake. Yaron da ke Bronx a birnin New York in ya dawo daga boko ya zauna karatu ƙarfe biyar na yamma, mu nan tara ne ko goma na dare, gwargwadon yadda suka juya agogonsu a shekarar. Daidai lokacin kuwa unguwa kaf tana kan intanet, masu ƙwallo da masu TikTok da masu fim. Gwajin da aka yi da hantsi ba ya zama shaida. A lokacin karatun ne Malam zai ɗauki kwamfutar ya zauna dab da rautar, ya buɗe Speedtest, manhajar auna gudun intanet, ya rubuta lamba uku: gudun saukowa, gudun hawa, da wadda aka rubuta wa ping, wato jinkirin zuwa da dawowa. Ya maimaita a bakin ƙofar baya. Ya sake maimaitawa a cikin ɗakin, ƙofa a buɗe, sannan ƙofa a rufe. In a gaban rautar ma lambobin suna hawa da sauka kamar numfashin mai asma, to matsalar daga layin da ya shigo gida ce, waya ba za ta gyara ta ba, sai a kira kamfani, ko MTN ne ko Telecel. In kuwa a falo suna tsaye daram, suna zubewa da zarar an fita tsakar gida, to abin da nake zato ne.

Zoom ba maciyi ba ne. Ko bidiyonsa mafi kyau bai kai gudun megabit 4 ba ta kowane ɓangare, alhali layin faiba na gida ya ninka haka sau da yawa. Abin da yake ɓata karatu shi ne gutsattsarin muryar da suke ɓacewa a hanya. YouTube yana da rumbu, yakan tara abin da ke gaba ya ajiye, shi ya sa wa'azi zai iya tafiya sumul a ɗakin nan har mutum ya rantse intanet lafiya yake. Kiran kai tsaye ba shi da rumbu. Yaro ya ja maddi, sulusin daƙiƙa ya faɗi tsakanin falo da ɗaki, Malam ya rasa gane ko yaron ne ya gajarta ko netwok ne ya cinye. Sai a gyara masa abin da bai ɓata ba, ko a wuce wanda ya ɓata. Na taɓa zama kusa da wani mai irin wannan karatun, yarinya tana maimaita aya ɗaya sau huɗu har ta soma ƙwalla, ita kuwa tun karon farko ta kawo ta daidai.

Wi-Fi rediyo ne, mai rauni ƙwarai, kuma gidajenmu kamar don a kashe shi aka gina su: bulon siminti da filasta ciki da waje, ginshiƙi cike da rodi, ƙarfen taga, ƙofar ƙarfe, rufin kwano. Malam ya ƙirga bangon da ke tsakani. Na falo, na kicin ko ɗakin kwana, na bayan gida, sannan na ɗakin karatun kansa. Kowanne yana karɓar rabonsa. Ruwa ma yana shan sigina, don haka tankin roba da ke kan dakali, da mangwaron tsakar gida bayan an ɗauke ruwan sama, har da jiƙaƙƙiyar shanya, duk suna cikin masu karɓa. Masu ofis a kwantena kuwa nasu ya fi muni, domin akwatin ƙarfe ne rufe ruf, da an ja ƙofa shi ke nan. Wanda yake son gani da idonsa ya sauke ɗaya daga cikin manhajojin auna Wi-Fi a wayar Android. Kusa da rauta zai ga wajen -45 ko -50. Kiran bidiyo yana son -67 ko abin da ya fi haka kyau, wato lambar da ta fi kusa da sifili. Ina kyautata zaton ɗakin Malam yana wajen -80. Tazarar tana kama da ƙarama a ido, amma duk saukar 10 ƙarfin ya ragu ne sau goma, ke nan daga -50 zuwa -80 abin da ya saura ɗaya ne cikin dubu.

Dalilin da ya sa rauta mai ƙarfi ba za ta fitar da Malam ba, hirar ta mutum biyu ce. Mai lasifika a kan hasumiya ana jinsa daga nesa, amma wanda ya amsa masa daga can da bakinsa, shi ba zai ji ba. Ko an sayo rauta mai ƙaho takwas, kwamfutar Malam da 'yar eriyarta ce za ta mayar da magana ta cikin bango huɗun nan, kuma muryar Malam da hotonsa ta wannan raunanniyar hanyar suke fita. Ga kuma cunkoso. Wi-Fi yana da zango, wato layin da yake watsa sigina a kai. Zangon 2.4 shi ne yake ratsa bango ya yi nisa, amma tashoshi uku kaɗai gare shi da ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11, kuma a unguwa irin tamu da gida yake jingine da gida, waya takan nuna sunan Wi-Fi ashirin a tsaye wuri ɗaya. Zangon 5 yana da fili da gudu, sai dai bango biyu sun ishe shi.

Ita kuma ekstenda, aikinta irin na ladanin da yake isar da kabbarar liman ne a filin idi. In ya tsaya inda yake jin liman sarai, sahun baya sun amfana. In ya koma can sahun ƙarshe inda shi ma da ƙyar yake tsinkayar liman, muryarsa za ta fito da ƙarfi, mutane su ji shi tar, amma abin da yake isarwa rabi ji ne rabi kintace. Sandunan da suka cika a wayar Malam ƙarfin muryar ladan suke nunawa, ba su san ko yana jin liman ba. Kusan kowa a cikin ɗakin da ba sigina yake soka ta, domin nan ne ake kuka. Wurinta na gaskiya tsakiyar hanya ne, tsakiyar hanyar Malam kuwa fili ne, ba soket, ba rufi. Ko da an sami wurin, mai rediyo ɗaya sai ta saurara sannan ta maimaita a tasha guda, don haka gudu yana raguwa da kusan rabi, jinkiri ya ƙaru. Yaron bai yi laifi ba, abin da mai shago ya ce masa ya bi.

Za a ce wa Malam ya sayi mesh, tagwayen rautocin nan da ake sayarwa biyu ko uku a kwali ɗaya. Suna da kyau a cikin gida, kuma sun fi ekstenda wayo. Amma in ba a haɗa su da waya ba, ta iska suke gaisawa, bangon nan huɗu kuma suna nan inda suke. Akwai kuma adaftar da take tura intanet ta cikin wayar lantarkin gida, a soka ɗaya a falo ɗaya a ɗaki. Ba na ba da shawararta a nan. Tana son ɗakunan biyu su kasance kan mita ɗaya da layin wuta ɗaya, ba ta shiri da sitabilaiza ko inbata ko doguwar soket mai kariyar wuta, kuma wayarin ɗakin baya yawanci ƙari ne da aka yi daga baya da abin da ya samu. Wani gidan ta yi, wani ta ƙi, wani ta yi har sai an kunna famfon tura ruwa tanki.

To, mu dawo kan waya. Kebul ɗin intanet yana kai mita 100 ba tare da ya rasa komai ba. Taku talatin na Malam bai wuce mita 25 ba a miƙe, amma waya ba ta tafiya a miƙe: ta hau silin, ta bi lungu, ta sauka bango, ta ratsa fili, ta sake hawa. A bi hanyar da igiya, a auna igiyar, a ƙara mita biyar. Ina ganin zai tsaya tsakanin 35 da 45. A nemi kebul mai lamba Cat6. Cat5e ma yana ɗaukar gigabit, wato megabit dubu, amma bambancin kuɗin a wannan tsawon bai kai a tsaya ciniki ba.

Inda ake cutar mutane shi ne cikin wayar. Kasuwa cike take da kebul na alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a baya, wani a kwalinsa an rubuta CCA, wani ko rubutawa ba a yi ba. Yana da arha, yana da sauƙin ɗauka, kuma ranar farko zai yi aiki kamar gaske. Bayan damina ɗaya sai ya soma karyewa a bakin kai, in kuma aka ɗora masa wuta sai ya yi zafi ya zubar da rabinta a hanya. Gwajinsa a gaban mai shago ake yi. A fere sili ɗaya, a kankare shi da wuƙa ko reza. In cikinsa ja ne har zuciya, jan ƙarfe ne. In fari ya bayyana, a ajiye masa kayansa. Wanda yake da ashana ya kara masa wuta: na gaske zai yi ja ya tsaya, na jabu zai lanƙwashe ya zube. Sannan a ce ana son na waje, mai baƙar riga mai tauri. Mai rigar toka ko shuɗiya ta cikin ofis rana tana farfasa ta, danshi ya shiga.

Ko na wajen ne, ba na binne shi tsirara. Ɓeraye suna son rigarsa, kuma wata rana wani zai zo da diga yana neman fayif ɗin ruwa. A sa shi cikin fayif ɗin roba na wayarin, mai faɗin milimita 25, a like gaɓoɓin da gam, a binne zurfin santimita 45 ko kusa da haka. Kada a haɗa shi fayif ɗaya da wayar lantarkin da take kai wuta ɗakin. In hanyarsu ɗaya ce, a bar tazarar ƙafa guda a tsakani. A kwana a yi lanƙwasa mai faɗi, kada a karya shi kamar gwiwa. Bakin fayif ɗin da ya fito daga ƙasa ya kalli ƙasa ko a toshe shi, in ba haka ba ruwan Yuni zai cika shi. Inda kebul zai shiga bango, a bar shi ya ɗan sauko ƙasa da ramin sannan ya hau, don ruwan da ya biyo shi ya ɗiga a waje. Abu biyu kuma da ba sa cin kuɗi amma suna ceton ran mutum daga baya: a ja kebul biyu maimakon ɗaya, a kuma bar igiyar nailan a cikin fayif ɗin. Ranar da ake son ƙara wani abu, ba sai an sake fasa tsakar gida ba.

Kowane ƙarshe a ɗaure shi a soket ɗin bango na intanet, daga nan a ɗauka da gajeren kebul. Wanda ya yi aikin ya sa na'urar gwaji a gaban Malam, fitilu takwas su kama bi da bi, ɗaya zuwa takwas. Wannan ba ƙa'idar banza ba ce. Sili huɗu sun isa intanet ya zo, amma zai maƙale a megabit 100, kuma ba wanda zai gane sai an jima. Kada a mayar da ƙasa ramin sai an ga takwas ɗin nan.

Yanzu tsawa. Nan ne na sha kashi, don haka zan ɗan daɗe. Farkon fara aikina na ja wa wani bawan Allah kebul a Tafo, daga gidansa zuwa shagonsa, kusan mita 40. Ba ya son a fasa masa siminti, ni kuma ina son in gama in karɓi kuɗina, sai na bi da shi ta sama, na ɗaure a jikin wayar ƙarfe daga rufi zuwa rufi. Wata biyu lafiya lau. Hadarin farkon damina ya taso cikin Afrilu da dare, aradu ta faɗi can wani wuri a unguwar, ko gidan ba ta taɓa ba. Da safe na tarar da ramin kebul na bayan rautar ya yi baƙi, falon yana warin ƙonanniyar roba, siwic ɗin shago mai raba kebul ya mutu, kwamfutar tana kamawa amma ba ta ƙara ganin waya ba, talabijin ɗin da aka haɗa da kebul shi ma ya tafi. Mutumin bai ɗaga mini murya ba, abin da ya fi ciwo ke nan. Rabin kayan daga aljihuna na biya.

Doguwar wayar jan ƙarfe tsakanin gini biyu eriya ce. Ba sai aradu ta sauka a kanta ba, faɗuwarta kusa ya isa ya cusa mata wuta, wutar kuma za ta nemi hanyar ƙasa ta cikin duk abin da ke maƙale a bakinta. Mu kuwa damina biyu gare mu, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, kowacce da tsawarta take shigowa. Binnewa yana rage haɗarin sosai amma bai kawar da shi ba. Shi ya sa kowane bakin kebul yake son 'yar na'urar kariyar tsawa ta intanet, wadda take da dunƙulen ɗaura wayar atin, wato wayar da take zubar da wuta cikin ƙasa. In ba a kai wannan wayar ga ƙarfen atin na gaske da aka kafa a ƙasa ba, ado ce kawai. Gidaje da yawa a zangonninmu ramin soket na uku ba ya zuwa ko'ina. Wannan ɓangaren ba aikina ba ne kuma ba na yaron Malam ba ne, a kira mai wayarin da yake da lasisin Hukumar Makamashi, wanda dokar wayarin ta 2011 ta tanada, ya auna atin ɗin gidan da na ɗakin.

Faiba kuwa gilashi ce, wuta ba ta bin ta, tsawa ba ta san da ita ba. Mutane suna jin sunan su tsorata, suna zaton sai injin haɗi mai tsada. Ba a bukatarsa. Ana sayar da ita a yanke da kawunanta, mita 30, 50, 100, har da mai sulke saboda ɓera. A sayi konbata biyu masu mayar da kebul faiba, ɗaya kusa da rauta, ɗaya a ɗaki. In masu sili ɗaya ne, aure ake sayensu, A da B. Wanda ya kwaso A biyu zai kwana yana zargin wayar. A kula da launin kai: na konbata yawanci shuɗi ne, wanda kamfani suke sokawa a akwatinsu yawanci kore ne, kuma ba a cusa kore a ramin shuɗi, gogar bakinsu ba ɗaya ba ce. Ba a naɗe ta ƙanƙane, ba a finciko ta ta kai, ba a cire hular bakinta sai lokacin sokawa, musamman da ƙurar hunturu, kuma ba a leƙa bakinta da ido, haskenta ba ya ganuwa amma yana illa. Ita kuma faibar kamfani da ta shigo gida, kada kowa ya taɓa ta da sunan zai tsawaita ta. Tamu daban ce, daga bayan rauta take farawa.

Hukuncina a gidan Malam: in ɗakin yana shan wuta daga mitar gidan, kuma za a binne, jan ƙarfe da kariya a baki biyu ya wadatar. In ɗakin yana da mitarsa daban, ko dole sai an bi ta sama, faiba. Da gidana ne, faiba zan sa ko ta yaya, amma ni wanda maciji ya sara ne, ko tsumma na gani sai na yi tsalle.

A cikin ɗakin, abin da ake so na'urar watsa Wi-Fi ce, masu shago suna ce mata AP. Tsohuwar rauta ma tana yi. In tana da zaɓin AP a saitinta, a kunna shi, an gama. In ba ta da shi, a shiga a kashe DHCP, wato saitin da yake raba wa na'urori adireshi, a ba ta adireshin da bai yi karo da na rautar falo ba, a soka kebul ɗin a ramin da aka rubuta wa LAN, a bar wanda aka rubuta wa WAN fayau. Wanda ya manta da DHCP ya naɗa limami biyu a masallaci ɗaya: wata wayar ta bi wannan, wata ta bi wancan, intanet ya riƙa zuwa yana tafiya ba a san dalili ba. Suna da kalmar sirri a sa irin na falo, waya za ta riƙa sauyawa da kanta in an ratsa tsakar gida. Tasha kuwa a raba, in falo yana 1 ɗaki ya koma 6 ko 11. Kwamfutar karatu ita kuma kada a bar ta kan Wi-Fi ma sam. Tunda waya ta riga ta iso ɗakin, a soka mata kebul kai tsaye, in ba ta da ramin a saya mata 'yar adaftar USB. Wi-Fi ɗin ya zama na waya da baƙi. Almajiran da suke zuwa da rana kuwa a buɗe musu sunan baƙi daban, don kalmar sirri in ta shiga hannun yaro ɗaya, kafin Juma'a ta zaga layi.

Sai dumsor, wato ɗauke wutar nan da muke fama da shi. Rautar falo da akwatin kamfani yawanci volt 12 suke ci, wutarsu duka ba ta wuce ta ƙwan fitila ɗaya ko biyu ba. Akwai 'yan ƙananan batura da aka yi musamman dominsu, suna riƙe su sa'o'i in ECG, kamfanin wutar lantarki, sun ɗauke. A duba rubutun jikin caja a sayi wanda ya dace da shi. Abin da ake mantawa, ɗakin baya ma yana son nasa, in ba haka ba falo yana da intanet ɗaki yana duhu. A nan jan ƙarfe ya fi faiba da abu ɗaya: yana iya ɗaukar wuta tare da intanet, abin da ake kira PoE. A sa adaftarsa a falo kan batir ɗaya da rauta, AP ɗin ɗaki ya sha daga can, ko soket ɗin ɗakin bai taɓa ba. Da faiba kuwa konbata biyun kowacce sai an ba ta wutarta.

In gidan haya ne maigida ya hana haƙa, ko an shimfiɗe tsakar gidan da tayil mai tsada, akwai hanya ta uku: tagwayen rediyon waje masu kallon juna, irin CPE na TP-Link ko NanoStation na Ubiquiti, ɗaya a bangon gida ɗaya a bangon ɗaki, kowanne da kebul ɗinsa zuwa ciki. Don kilomitoci aka yi su, don haka a mita 25 sai an rage musu ƙarfi. Sharaɗinsu su ga juna ido da ido, ba reshe, ba tanki. Suna aiki sosai, sai dai kaya sun ƙaru, saiti ya ƙaru. Kuma kowace hanya aka bi, ba a ɗaura komai a jikin falwayar ECG.

Layi na biyu kuɗin wata ne har abada, don magance abin da kebul na sayen rana ɗaya zai magance. Starlink, intanet na tauraron ɗan Adam da ya fara aiki a Ghana a 2024, shi ma in rautarsa tana falo bango huɗun nan zai tarar. Abin da nake ganin ya dace shi ne Malam ya ajiye data a layin wani kamfani daban a wayarsa, ranar da faiba ta yanke ya kunna hotspot ya ƙarasa darasi. Ko wannan ma yana da iyaka: ranar 14 ga Maris 2024, farkon azumi, da wayoyin ƙarƙashin teku huɗu suka yanke, mafi yawanmu zaman jira muka yi.

Ekstendar nan kuma kada a jefar da ita. A zare ta a juya ƙasanta ko gefenta. In akwai ramin kebul, akwai yiwuwar tana da zaɓin AP, ko a maɓalli ko a cikin saiti. In haka ne, ita ce za ta zauna a bakin wayar a ɗakin, ba sai an sayi wata na'ura ba. Ramin nata wataƙila na megabit 100 ne, amma ya ninka abin da Zoom yake nema sau ashirin da wani abu. Kafin a kira mai haƙa, yaron ya aro dogon kebul ya shimfiɗa shi a ƙasa daga falo zuwa ɗakin, ta taga, a daren da sama take garau, Malam ya yi darasin ƙarfe goma a kai. Da an tashi a naɗe shi, kada ya kwana a waje.